Kawu Sule da Cocin Sojojin Ruwa

Duk wanda ya san Kawu Sule a Birmingham ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya gama gaisawa da rufin ɗaki. Zai yi sallama daga bakin ƙofa, kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon sama, hularsa na neman zamewa ta ƙeya. In ya tarar da ginshiƙi a tsakiyar wuri, sai ya ƙwanƙwasa shi da bakin lemarsa, ya girgiza kai, ya ce, "Ragwanci." Daga nan ne zai juyo ya tambaye ka ya iyali.

Yayan mahaifiyata ne, mutumin Zariya, injiniyan gine-gine. Ya yi karatu a Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Kaduna, daga baya ya zo Ingila ya ƙarasa a kansul, wato hukumar birni. A gidansa na unguwar Handsworth na zauna da na zo karatu, kafin aure ya kai ni Manchester. Saboda haka a gabana cutar cocin nan ta kama shi.

Wata Asabar ya fita sayen baƙin burodin nan mai tsami da ya saba ci tun yana ɗalibi, a shagon wasu mutanen Latbiya. Muka jira shi har shayi ya huce. Can sai ga shi da kalanda a hammata, wadda ya roƙi mai shagon ta cire masa daga bango.

Hajiya Rabi, matarsa, ta ce, "Alhaji, ina burodin?"

Ya shimfiɗa kalandar a kan tebur, ya ce, "Rabi, dubi nan. Babu ginshiƙi ko ɗaya."

Hoton wani coci ne, ciki da waje, a garin Liepaja na ƙasar Latbiya, tashar jiragen ruwa a bakin tekun Baltik. Hajiya ta kasa faɗin sunan garin, sai ta raɗa masa Liyafa, kuma da haka muke kiransa har yau. Cikin wata guda duk gidan mun haddace tarihinsa ba da son ranmu ba. Sarkin Rasha na ƙarshe ne ya sa aka gina shi a farkon ƙarnin da ya wuce, don sojojin ruwansa Kiristoci mabiya ɗarikar Otodoks su riƙa ibada kafin su shiga teku. An yi shi da bulo ruwan ɗorawa, da ƙubbobi masu ruwan zinariya. Abin da ya hana Kawu sakat shi ne babbar ƙubbar tsakiya: bakunan gini huɗu ne suka gitta juna suka ɗauke ta, suka kai nauyinta kan bango, aka bar tsakiyar fili fayau. Da 'yan gurguzu suka karɓi wurin, sai suka mai da shi gidan silima da wurin motsa jikin sojoji, har suka toshe ƙubbar daga ciki don sautin fim ya fita da kyau. In Kawu ya iso wannan gaɓar, sai ya ɓata rai, kamar gidan ubansa aka yi wa haka.

Ranar da iyayen Bashir suka zo daga Manchester neman aurena, Kawu ne waliyyi. Dattawa huɗu, kowa da babbar riga, jagoransu Baffa Likita, ƙanin mahaifin Bashir. Ina laɓe a kan matakala, ina saurare. An gaisa, an yi addu'a, Baffa ya fara shimfiɗa magana, sai tsautsayi ya sa ɗaya daga cikinsu ya kalli kalandar da ke bango ya ce, "Injiniya, wannan wane masallaci ne?"

Na ji Hajiya daga kicin ta ce, "Shi ke nan, an ɗaga auren."

Kawu ya tashe su duka huɗu. Ya sa biyu suka fuskanci juna suka riƙe hannaye, sauran biyun suka gitta nasu a kai. Ya shiga kicin da kansa, ya ɗauko babbar kular shinkafar da aka dafa musu, ya ɗora a tsakiya. Ya koma ya zauna, ya fara bayani tun daga sarkin Rasha. Dattawa na tsaye, hannun riga na zamewa, zufa na tsatsowa.

Baffa Likita ya ce, "Injiniya, mun fahimta. In mun sauke za a ba mu yarinyar?"

Kawu ya ce, "Tukuna. Gaya mini, ina nauyin kular ya tafi?"

"Wallahi yana kafaɗata."

"Madalla. Kafaɗarka ita ce bango. Gidan da ake gane magana haka, 'yata ba za ta sha wahala ba. Na ba ku."

Bayan ya yi ritaya ya ce zai kai Hajiya hutu bakin teku. Ta yi murna, ta sayi tabarau. Aka ce in raka su. Sai da muka sauka a Riga, babban birnin Latbiya, muka hau bas, sannan ta ga sunan garin a gaban motar, ta juyo ta harare ni kamar da ni aka haɗa baki. Iskar da ta tarbe mu a can har cikin ƙashi take shiga. Muka ratsa tsakanin wasu tsofaffin benaye masu launin toka, sai kawai ga cocin ya bayyana, ƙubbobin na ƙyalli. Ko Hajiya sai da ta cire tabarau ta kalla.

A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa mai ba mata ɗankwali su rufe kai. Ta kalli mayafanmu, ta yi murmushi, ta matsa mana. Shi kuwa Kawu ta nuna masa ya cire hula, ya cire ba gardama, abin da ko likitansa bai taɓa samu ba. Ciki ƙamshin turare, kyandirori na ci, tsofaffi na tsaye suna ibadarsu. Kawu ya taka a hankali zuwa tsakiya, ya ga wuyansa ba zai kai shi ba, sai ya cire kwat ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine.

Hajiya ta sunkuya ta ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, don Allah tashi. In wani ya ɗauke ka hoto, me zan gaya wa mutanen Zariya?"

Ya ce, "Ki ce musu na zo ganin ɗaurin guga."

Haka maginanmu na gargajiya ke kiran bakunan azara da laka da suke gittawa su ɗauke rufin soro. Limamin cocin ya fito, dogo, gemu har ƙirji. Na ɗauka korar mu zai yi. Kawu ya yi masa magana da Rashanci daga kwance, sai mutumin ya tsaya cak, ya tattara rigarsa ya tsuguna kusa da shi. Suka daɗe, wannan ya nuna sama, wancan ya zana a tafin hannu. Da muka fito na ce, "Kawu, me kuka tattauna?"

"Na gaya masa maginan Zariya sun riga su."

"Ya yarda?"

"Bai yarda ba. Amma ba shi da hujja."

Da yawanku kun san abin da ya biyo baya. Ƙaramin masallacinmu na unguwar Sparkbrook tsohon sito ne, kuma akwai wani ginshiƙi da ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar sahun farko ya raba shi biyu. Da aka tashi gyara, Kawu ya zo wa kwamiti da zane: a gitta manyan ƙarafa huɗu a sama, a cire ginshiƙin. Alhaji Garba, shugaban kwamitin, ya ce, "Injiniya, yanzu zanen coci za mu kawo masallaci?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ƙarfe bai san alƙibla ba. In sunan ne ya dame ka, ka tuna soron kakanka, da me aka rufa shi?"

Maganar ba ta wasa ba ce, domin a saman benen yara ke karatun Islamiyya, har da jikokin Kawu. Ya yi watanni yana lissafi. Ya kai wa wani injiniya ya duba, abin da girman kansa bai saba ba, kansul ma ta duba ta amince. Ranar da za a yanke ginshiƙin, ma'aikata suka fitar da kowa. Suna gamawa, suka janye tokaran da aka tallafe rufin da su, kafin ƙura ta lafa Kawu ya ja kujera zuwa daidai wurin, ya zauna, ya buɗe fulas ɗin shayinsa. Ya ce in zai faɗo, ya fara da wanda ya zana shi. Har yau ko tsaga babu.

Sai Juma'ar farko aka gano matsalar. Shekara da shekaru, saboda ciwon gwiwa, da wannan ginshiƙin Kawu yake dafawa in zai miƙe daga sujada. Ya miƙa hannu ya ji wayam. Alhaji Garba da ke gefensa ya ba shi kafaɗa, ya ɗaga shi. Da aka sallame ya ce, "Injiniya, ko a mayar?" Kawu ya ce, "Ba ga ka ba?" Tun daga ranar a gefen juna suke salla.

A sanyin bara ya kwanta asibiti. Na zo daga Manchester na shirya wa dogon bayani, sai na tarar da mutum ya yi laushi, magana kaɗan-kaɗan. Hajiya ta fita yin alwala, ya kama hannuna ya ce, "Hadiza, Rabi ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Za ta ce muku ta ci. Kada ku yarda."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Yanzu duk Asabar ɗin da na samu, sai in kama hanyar Birmingham, in zuba mana a faranti ɗaya. Takan ce ta riga ta ci, ni kuwa in miƙa mata cokali.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya ba Hajiya haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe ta. Amin.