Indijin Ɗin 'Yar Masunci

Shekarun baya, sa'ad da nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Haɗeja, shugabar makarantarmu ta ɗora mini aikin bai wa 'yan aji shida shawara kan karatun gaba. Ba wai na karanci fannin ba ne. Cewa ta yi tunda Allah ya hore mini baki, gara a sa shi a hanya mai amfani. Aka ba ni tebur ɗaya a ƙuryar ɗakin malamai, ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har na yanki kwali na rubuta "Ofishin Shawara" na liƙa a bango.

A shekarar akwai wata ɗalibata da ba ta da yawan magana, amma in ta ɗaga hannu a aji sai ka juya ka sake duba abin da ka rubuta a allo. Burinta ɗaya ne, ta shiga kwalejin jinya ta zama ungozomar asibiti. A rajista an rubuta sunanta, da na mahaifinta, sannan Haɗeja a ƙarshe, kamar yadda hedimastocin firamare suka saba laƙaba wa yaro sunan garin da suka same shi. Saboda haka ko a mafarki ban taɓa kawo wata matsala game da asalinta ba.

Da lokacin cike fom ya zo, na ce kowa ta kawo takardar haihuwa da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa indijin. Kowa ta kawo, ban da ita. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Rannan na tsare ta a gaban 'yan ajinsu na ce, "Ke da kike gaba a komai, takarda ɗaya ce ta gagare ki?" Sai da kowa ya watse ta zo bakin teburina.

"Malam, mu ba mu da ita."

"To ku je ku karɓo mana."

"Ba za a ba mu ba. Babana ba ɗan nan ba ne."

A ranar na ji labarin. Mahaifinta ya tsallako daga Nijar tun yana saurayi, shekarar da fari ya ƙare musu dabbobi. Bai shigo da takarda ba, can ɗin ma ba shi da ita, domin a daji aka haife shi. Ya koyi sana'ar su a bakin kogin garin nan, ya auri wata 'yar can Nijar ɗin, suka haifi 'ya'yansu a nan. Yarinyar ba ta taɓa taka Nijar ba, ba ta jin Faransanci ko na sayen ruwa, amma a idona da na kowa ita baƙuwa ce, tunda uba baƙo ne.

Nan take na samo dabara, irin ta wanda ya yarda da kansa. Mai unguwarmu ya san gidanmu tun kakanni. In na ce masa 'yar ƙanena ce, zai sa hannu ba tare da dogon bincike ba. Na san abin ba daidai ba ne, amma na raɗa masa suna taimako, hankalina ya kwanta.

Ranar Asabar na hau babur na sami mahaifin nata a bakin kogi. Yana zaune a inuwar giginya yana ɗinke komarsa ta kamun kifi, hayaƙin bandar kifi na tasowa daga bayan gidansu. Muka gaisa, na zayyana masa shirina tiryan-tiryan, ina jiran godiya. Bai ɗago kai ba.

"Malam, to a wajen uba sunan wa za a rubuta?"

"Na ƙanena, Baba."

"Yana da rai?"

"Yana nan lafiya lau."

"In aurenta ya zo, shi zai ba da ita?"

Na ce, "Haba Baba, takarda ce kawai."

Sai a lokacin ya ajiye komar ya dube ni. Ya ce, "Ni ban yi boko ba, amma na ga yadda kuke riƙe takarda. In bakina ya faɗi magana, takarda ta faɗi wata, ta takardar ake ɗauka. Ba ni da gonar da zan bar mata, ba ni da garke. Sunan nan shi kaɗai na ba ta. Ka yi haƙuri, Malam." Ya sa aka ƙunso mini busasshiyar tarwaɗa, ya rako ni har wajen babur.

Gaskiya na ji haushi. Na koma sau biyu, har da ɗaukar wani dattijo ya taya ni, amsar ba ta canja ba. Ita kuma yarinyar da na tambaye ta, cewa ta yi abin da babanta ya ce shi ne. Ana cikin haka aka rufe karɓar fom. Sakamakon jarrabawa ya fito, ita ce ta ɗaya a makarantar. Ƙawayenta da take koya wa lissafi suka ɗaure akwatuna suka tafi, ita ta zauna tana taya mahaifiyarta juya kifi a kan banda. Sau ɗaya na hango ta a kasuwar kifi da tire a ka, na yi maza na shige layin masu barkono kamar ina da abin saye.

Da Babbar Sallah wani abokina lauya ya zo gida daga Kano. Muna cin soyayyen nama a ƙofar gidansu na shiga ba shi labarin taurin kan masunci, yadda ya kashe wa 'yarsa gaba saboda suna. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni inda aka haifi yarinyar. Na ce a nan.

"Uwarta fa? Kakanninta huɗu fa, duk ka bi?"

Na ce, "Ina ruwan uwa da asali? Ɗa ai na uba ne."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Wai kai ne mai Ofishin Shawara? Doka ba zauren gidanku ba ce. Wanda aka haifa a ƙasar nan, in ko ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Je ka tambayi matar gidan."

Naman nan bai ƙara yi mini daɗi ba. Sau uku ina zuwa gidan mutanen nan, ban taɓa cewa a gaida mini mahaifiyarta ba, balle in tambayi daga ina ta fito.

Washegari na koma, na nemi izinin maigidan, matar ta tsaya daga bayan zana muka gaisa. Na tambaye ta danginta. Ta ce, "Ni dai a can aka haife ni. Amma uwata 'yar wani ƙauye ce kusa da Baturiya, wani falken dabbobi ya aure ta ya tafi da ita. Ta rasu, amma ƙaninta na nan da ransa. Jiya ma ƙauyen muka je yawon Sallah." Na juya na dubi mahaifin. Ya ce, "Ai dangin uwa ne, Malam. Wa ke lissafa su a asali?" Jiya-jiyan nan ni ma bakina ya faɗi haka.

Sauran aikin bai zo da sauƙi ba. Muka je ƙauyen muka sami tsohon, ƙanin kakar tata, ya kai mu wurin dagacinsu, wanda ya san gidan, ya kuma tuna auren. Aka nemo tsohuwar da ta yanke wa yarinyar cibi da limamin da ya raɗa mata suna. Aka yi takardun rantsuwa a kotu. Wani ma'aikaci ya koro mu sau biyu, shi ma yana cewa asali na uba ne, sai da abokina ya rubuto masa wasiƙa. Damina ta sauka, hanyar ƙauyen ta cika da ruwa, akwai ranar da na tura babur cikin taɓo har takalmina ɗaya ya zauna a can. Daga ƙarshe dai takardun suka fito, da sunan ubanta na gaskiya a kai. Da aka sake buɗe fom ta cika, aka ɗauke ta.

Ina wurin ranar da ta kawo takardar shiga kwalejin. Mahaifin ya sa ta karanta masa, ta karanta tana fassarawa. Ya ce, "Ina nawa sunan?" Ta nuna masa. Ya goge hannunsa a jikin rigarsa sau biyu, sannan ya ɗora yatsa a wurin ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce tun da aka haife shi, sai a takardun yarinyar nan hukuma ta fara rubuta sunansa.

Yau ita ungozoma ce a wani asibiti ta wajen Kafin Hausa. Mahaifin nata ya rasu. In mun haɗu takan durƙusa ta gaishe ni, takan ce wa mutane ni ne na yi mata hanya. Ba ta taɓa ambaton shekarar da ta yi a bakin banda ba, ni kuwa ban taɓa mantawa ba, don na san tambaya ɗaya da ban yi ba ce ta cinye mata ita. Tun daga nan duk ɗalibar da ta zauna a gaban teburina da matsalar takarda, nakan rufe bakin nan da aka yaba, in ce ta fara ba ni labarin mahaifiyarta.

Wani lokaci nakan tuna yatsan nan a kan takarda. Da tsohon masuncin ya karɓi taimakona, da a kan sunan ƙanena yatsansa zai sauka.