Lambar da Ta Ƙi Yin Ja

In kana Yelwa kana neman a buga maka takarda, kuma ba ka son a mayar da sunan ubanka na wani, ɗan kabu-kabu zai sauke ka a shagon Hansatu Taifis ko ba ka faɗa masa ba. Shago ne ƙarami bayan kasuwar kifi, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta mai kala da take lulluɓewa da tsohon zane saboda ƙura. Hansatu ta haura hamsin. Mace ce mai tsantseni har ya yi yawa: takan yaga shafi guda don lamba ɗaya ta karkace, mai takarda yana tsaye yana rantsuwa shi bai ga komai ba. Sai ta ce, "Ni na gani," ta sake bugawa.

Tana da shekara sha tara ta fara aiki a wani ofis, a kan tafireta irin ta da, mai ƙyallen tawada rabi baƙi rabi ja. In ana son ja, sai ka tura wani ɗan ƙarfe a gefe, sannan ka buga. Da tafireta ta mutu ta koyi kwamfuta. Daga baya wani malamin lissafi da ke kawo mata takardun jarrabawa ya koya mata manhajar da suke kira Latek, wadda ba a ja da linzami a cikinta, sai dai ka rubuta umarni, ita kuma ta tsara shafin. Ta sha wuya kafin ta iya. Amma da ta ga yadda manhajar ke jera lambobi a jadawali, ɗigo ƙarƙashin ɗigo, ɗaya ba ta leƙa gidan ɗaya, sai ta ce ta sami abokiyar zama.

Aikin da ya hana ta sukuni, Malam Enoch ne ya kawo shi, ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya cika har yana lasar gindin itatuwan kwata. Malam Enoch tsohon ma'aikacin ruwa ne da ya yi ritaya, 'yan ƙungiyar masu jirage suka roƙe shi ya auna musu jiragensu. Yadda ya yi shi ne, kowane jirgi a ɗora masa lodin da ya saba ɗauka, sai ya sa ma'auni ya ga santimita nawa suka rage tsakanin bakin jirgin da ruwa. Ƙungiya ta yanke cewa duk wanda bai kai sha biyar ba, ba zai yi lodi ba sai an gyara shi. Jirage arba'in ya auna. Biyar suka faɗi.

"Waɗanga biyar ɗin ki sa lambarsu ja," in ji shi. "Ba sunan jirgi ba, lambar ƙarshe. Baba Dudu da ke tsaron kwata ba ya karatun boko. Layin ƙarshe yake bi da farcensa, in ya ga ja ya ƙirga layi, ya san jirgin wa ne, ya hana. Kuma ɗigo ƙarƙashin ɗigo, Hansatu, kin san ni."

Ta san shi. Ta karɓi takardar tana dubawa, har idonta ya sauka a layi na sha bakwai. Jirgin Habibu, 9.5.

Habibu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya biya mata makarantar koyon bugu da wannan jirgin, shi ya ɗauko mata kwamfutarta ta farko a kansa daga tasha. Jirgin ya tsufa, katakon ya sha ruwa ya yi nauyi, faci a kan faci, amma shi ke ciyar da gida mai mutum goma sha ɗaya. Kuma duk ranar kasuwar tsallake, Innarsu takan shiga shi da kwandon daddawarta, ta zauna a wurinta na kullum kusa da inji. Shekara ashirin ba ta taɓa shiga jirgin wani ba. Cewa take jirgin ɗanta ya san ta.

Malam Enoch ya ga fuskarta ta canza, ya kau da kai. Ya ce zai tafi Shanga auna na can, sai bayan kasuwa zai dawo, ta ba Malam Sadiq sakataren ƙungiya takardar in ta gama. A bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, "In jan ya gagara, bar shi baƙi. In na dawo na bi da biro."

To, jan kuwa ya gagara.

Ta jera jadawalin tsaf, lambobi arba'in sun miƙe kamar an ja musu zare. Sai ta zo kan biyar ɗin nan, ta kama kowace lamba ta kulle ta cikin baka, wato alamun nan biyu masu lanƙwasa, ta rubuta umarnin ja a kanta, ta danna. Lambobin suka yi ja, amma suka bar layi. Ashe da zarar ka nannaɗe lamba a cikin umarni, manhajar ba ta ƙara ɗaukarta lamba, kalma take ɗaukarta, sai ta ajiye ta a tsakiyar gida. 9.5 ɗin nan ta matsa, taran ta je ta zauna ƙarƙashin gomomi, mai sauri in ya duba sai ya ce casa'in da biyar ce. Ta cire bakan, lamba ta koma layi, ta koma baƙa. Ta sa launin a kan layin gaba ɗaya, jirage arba'in suka yi ja, ta ce, "A'a, ba yaƙi nake da garin ba." Ta sa a kan sunan jirgi, suna ya yi ja, lamba ta zauna baƙa ƙirin tana kallonta.

Wuni guda ta yi a haka. NEPA ta ɗauke, ta tada janareta, mai ya ƙare, ta aika aka sayo. Masu kawo takardun haya da na neman aiki ta sallame su, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba wahalar ce ta dame ta ba, ta saba. Abin da ya dame ta shi ne wata murya a ƙasan zuciyarta da ke cewa: ai an ce in ya gagara ki bari. Kuma ya gagara, wa zai ce kin yi ƙarya? Yaya ya ci kasuwa ɗaya, ya sami na sayen katako. Sai ta tuna iskar da ke tasowa a tsakiyar tafki da la'asar, da kututturan da ruwa ya rufe, ta buɗe yatsunta ta auna santimita tara da rabi a kan tebur. Bai kai tsawon wayarta ba. Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo ta zauna.

Washegari Habibu ya biyo ta shagon da rana, ya kawo mata busasshen kifi a leda kamar yadda ya saba. Ta yi sauri ta juya fuskar kwamfutar.

"Mi kike ɓoyo, Taifis? Wasiƙar saurayi?"

"Kai, Yaya! Aikin mutane ne."

Ya yi dariya, ya ce Enoch ya zo ya yi ta auna jirginsa kamar mai ɗinka masa riga, ya tafi bai ce komai ba. "Jirgin da ya haye ruwanga tun ba a haifi rabin 'yan ƙungiyar ba." Ta ce, "Haka ne, Yaya." Ya fita yana fito, ita kuwa kifin nan ko kallonsa ba ta iya yi ba.

Bayan azahar, ta gaji har ta jingina da bango, hannunta na dama ya tafi gefen allon bugu da kansa, yana neman ɗan ƙarfen nan na tafireta da ya ɓace shekara ashirin da wani abu. Sai ta miƙe zaune. A tafireta ba a kama lamba a shafa mata ja. Ƙarfen kake turawa tukuna, sannan ka buga lambar yadda take. Ta goge bakan duka, ta rubuta umarnin ja shi kaɗai a farkon gidan, ta bar lambar a sake a bayansa, ta danna.

9.5 ta fito ja wur, ɗigonta daidai ƙarƙashin na 22.0 da ke samanta.

Da wani aiki ne da ta yi guɗa. Wannan kuwa sai ta zauna tana kallonsa, idonta ya ciko. Ta yi wa sauran huɗun haka, ta buga kofi biyu a firinta mai kala, ta ba Malam Sadiq ɗaya da ya zo da yamma, ta sa ɗaya a aljihun tebur. Ta ce masa, "A kai kwata kafin kasuwa." Ya ce an gama.

Ga inda ta yi sake, ita da ta shekara talatin tana wannan aiki a garin nan. Wa ya taɓa buga kofi mai kala fiye da ɗaya ko biyu a Yelwa? Kala ta ofis ce, a sa a fayil, shugaba ya gani ya ji daɗi. Wadda za a manna a bango, hotokofi ake yi.

Ranar kasuwa da safe ta tsaya wurin Ladi mai ƙosai a kan hanyar shago. Ladi takan nannaɗe ƙosai da takardun da mai hotokofin kusa da ita ya lalata. Hansatu ta karɓa, ta ɗauki guda za ta kai baki, sai ta ga lambobi ta cikin mai. Ta zazzage ƙosan a kan teburin Ladi, ta buɗe takardar. Jadawalinta ne. Ɗigo ƙarƙashin ɗigo, tsaf. Layi na sha bakwai, 9.5, baƙa kamar sauran, sai ɗan dishi-dishi da ba mai lura da shi.

"Innalillahi! Ladi, yaushe anka yi wagga?"

"Jiya Malam Sadiq ya sa anka yi da yawa, na kwatar Wara da na nan kwata. Lahiya?"

Hansatu ta ruga shago, makulli ya ƙi shiga sai a karo na uku, ta ciro kofin da ke aljihun tebur, ta tare kabu-kabu. A kan babur ta kira Malam Sadiq, ta ce ya kira Wara yanzu-yanzu ya karanta musu layukan biyar. Ya fara cewa ai lambobin suna nan, mai ido zai gani, ta daka masa tsawa irin wadda ba a san ta da ita ba: "Baba Dudu ja yake nema!"

Kwata ta cika. Buhunan albasa, awaki, babura biyu a kwance cikin jirgi, mata da kwanduna. Takardar tana manne a jikin rumfar Baba Dudu, shi kuma yana kan benci yana cin goro hankali kwance. Ya riga ya bi layin da farcensa tun da safe, bai ga ja ba, ya ce kowa ya yi lodi. Jirgin Habibu ya kusa cika. Ruwa yana taɓa facin da ke ƙarƙashin bakinsa. Inna tana zaune kusa da inji, kwando a cinya.

Hansatu ta tsaya da takardar a hannu. Har a lokacin tana iya ninke ta ta koma, ba wanda ya gan ta. Ta ƙarasa rumfar, ta durƙusa.

"Baba, ina kwana. Waccan ba ita ba ce. Ga ta gaskiyan."

Baba Dudu ya karɓa, ya ɗora babban yatsansa, ya gangaro a hankali yana ƙirgawa da leɓe. Ya tsaya a ja na farko, ya kira suna. Ya tsaya a na biyu. Da ya kai layi na sha bakwai ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe, sannan ya miƙe ya ɗaga sandarsa. "Habibu! Sauke."

Habibu ya hauro daga ruwa, wandonsa a naɗe, ya karɓi takardar. Shi yana karatu. Ya ga lambar, ya ga jan, ya gane bugun, don duk Yelwa ba mai jera lamba haka sai mutum ɗaya. Mutane sun yi cirko-cirko. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na'ura ce ta sa, ko? Ita ka sa wa da kanta."

Ƙofa ya buɗe mata, ta kuma gane. Da ta ce e, da ya zagi Enoch da na'ura, ya ci gaba da kawo mata kifi.

"A'a, Yaya," in ji ta. "Na'ura ƙi ta yi. Kwana biyu ina fama da ita kafin ta yarda."

Ya miƙa wa Baba Dudu takardar, ya koma jirgi, ya fara sauke buhunan da kansa, ya hana kowa taya shi. Inna ta fito a ƙarshe, aka kama mata hannu. Wani mai jirgi ya ce ta zo ga wuri, ta ce yau ba ta zuwa kasuwa. Ta wuce ta gaban Hansatu ba ta dube ta ba, ta je ta zauna a kan wani buhu kusa da inda ɗanta ke tara kaya, kwandon daddawa a cinyarta.

Tun daga ranar, duk lambar da Hansatu za ta sa wa ja, sai ta ƙara mata kauri, ta sa tauraro a gefenta, kuma kafin ta miƙa wa mai ita sai ta kai wurin mai hotokofi ta ga yadda za ta fito a baƙi. Jirgin yana nan a kife a bakin kwata, an cire katako uku, ba a sa sababbi ba tukuna. Habibu yana bin jirgin wani a matsayin mai riƙe inji. Yakan wuce ta gaban shagon wani lokaci, ta ɗaya gefen titi. Ledar kifin da ya kawo ranar nan tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, har yau ba ta kwance ta ba.