Kawu Ya Samo wa Ɗan Wasana Takarda

"Kai! Sun hana shi takardar izinin aiki!" Na daki cinya don haushi.

Wasan kocin ƙwallo nake yi a waya. Ƙungiyata ta Ingila na neman faɗawa rukunin ƙasa, ga ɗan wasan da na ɗauko daga Brazil an ce ba zai buga ba.

Kawuna na gefe yana gyaran fartanya. Ya ce, "Yaron na da tarbiyya?"

Don tsokana na ce, "Sosai, Kawu."

Ya hau mashin ya fita. Bayan la'asar sai ga shi da wasiƙar mai unguwa, har da hatimi, wai an shaida yaron mutumin kirki ne.

"Tura ma Turawan. In sun ƙi, ya taho nan Daudawa, akwai gona."

Jama'a, wa zai gaya wa Kawu gaskiya? Ni dai na kasa, don har ya sa an share ma yaron ɗaki.