Faifan Mijina a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da abokin aikin mijina ya yi sallama a gidanmu na Samaru ba, hularsa a hannu. Ya ce, "Madam, sai haƙuri. Oga ya faɗi a gonar gwaji, kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa."

Mijina masanin cututtukan dawa ne, kuma dattijo a cocinmu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, lokacin da yake karatu a Faransa ya taɓa ajiye bincike na ɗan lokaci, ya tara suma, ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu kiɗan jita. Waƙoƙin ƙin yaƙi suke yi da Faransanci, da wani kiɗa mai juya kai. Faifai ɗaya suka buga suka watse. Ya taɓa roƙona, ba da wasa ba: "Ran da na mutu ki sa musu shi, su san ni gaba ɗaya." Na ce to.

Na aika aka aro mini garmaho wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Da yamma, bayan matan zumuntar cocinmu sun gama waƙoƙi, gida cike, na ɗora allura a kan faifan.

Jitar ta yi wani kuka kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Wata tsohuwa ta ce, "Yesu! Injin niƙan waye ya lalace?" Sai muryar mijina ta shigo, siririya, ta saurayin da ban taɓa gani ba.

Yayansa ya miƙe. "Matarmu, mene ne wannan?"

"Ƙaninka ne, Yaya. Shi ya ce a sa."

"Kiɗan mashaya a gidan makoki, ga fasto zaune? So kike gobe a ce dattijon coci ɗan wiwi ne?"

"Waƙa kawai ya yi, Yaya."

Ya zo ya tsaya a kan garmahon. Na ga ya gane muryar. Duk da haka ya ɗaga allurar a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ya ce, "Ki bar mana shi yadda muka san shi."

Ban ja da shi ba. Washegari za a yi jana'iza, kuma a hannunsa komai yake.

Daga ranar na gane, abin da mutum yake so danginsa su sani a kansa, gara ya faɗa da bakinsa tun yana da rai. Waƙar farko ma ba ta kai ƙarshe ba, kuma har yau ban cika masa alkawarin ba.