Ruwa Muke Dafawa, Inna

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka je rugar su Habiba a daminar bara. Ban daɗe da fara aiki ba a ƙaramin asibitinmu na wajen Ƙarfi. Aikina auna zafin jiki da haɗa ruwan gishiri da sukari, a ƙarƙashin Malama Rabi, jami'ar lafiyar da ke shugabantar wurin.

Habiba yarinya ce da ba a daɗe da yaye ta ba. An kawo ta tana gudawa da jini, idanunta sun faɗa. Ni na riƙe hannunta aka sa mata ƙarin ruwa, kuma wallahi har yau ina tuna sanyin hannun nan. Ta samu sauƙi, aka sallame ta, sai ga shi an sake dawo da ita ranga-ranga. Malama ta ce in aka yi na uku, ba lalle ta tashi ba. Ta ce in ɗauko mayafina mu je mu ga abin da take ci.

Muka tarar da kakarta, Inna Jumma, wadda ke ba ta madara da ɗuminta daga tatsa, wai don ta yi ƙarfi. Malama ta yi mata bayani cewa ɗanyar madara kan ɗauko ƙwayoyin cuta daga kashin shanu da ke manne a hantsa, ko daga saniya marar lafiya, ido kuma ba ya ganinsu. Sai an tafasa.

Tsohuwa ta ɗaure fuska. "A tafasa? In wuta ta taɓa madara, hantsar saniya ƙafewa take yi. Ku ne za ku ciyar da mu?"

Maza suka fara matsowa. Na ja gefen hijabin Malama mu tafi. Ita kuwa sai ta nemi tabarma ta zauna.

"Inna, ruwa fa? In an dafa ruwa, saniya na jin ciwo?"

"Ke 'yar nan, ba'a kike mini? Ina ruwan saniya da ruwan tukunya?"

Malama ta sa aka ɗora tukunyar ruwa, ta zuba madarar a kwanon sha, ta saka kwanon cikin ruwan. Ruwa ya yi ta tafasa, madara ta yi ta turiri, ta bar ta ta jima sosai.

"Kin gani? Ruwa muke dafawa, Inna. Madara zama kawai ta yi a ciki."

Tsohuwa ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta fashe da dariya. "Ja'ira! Ba ni ludayin."

Ni a tsorace na je, abin da na sani kawai shi ne ƙwayar cuta. Malama ta san cewa ita ma Inna tsoro take ji. A aikin nan, in ba ka gano abin da mutum ke tsoro ba, maganinka ba zai shiga gidansa ba.

Habiba ba ta sake kwanciya a gadonmu ba. Ranar kasuwa na hango ta a bayan Inna, tana ta fisgar mata ɗankwali.