Ɗaurin Hannun Hagu na Pak Ngah Derahman

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, tara ga watan Afrilu, ina wanke kwale-kwalena a bakin tekun Cherating aka zo aka ce mini ka rasu, Pak Ngah Derahman. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka.

Tun muna samari rumfata ke jingine da taka, muna ba baƙi hayar tagwayen kwale-kwale, masu ciki biyu da ƙyalle ɗaya na kama iska. Na fi ka iya magana da baƙi, wannan ko kai ka yarda. Amma wurin ɗaurin haƙarƙari, siraran sandunan nan da ake zurawa cikin aljihunan ƙyalle don ya yi ciki ya kama iska, ban taɓa ja da kai ba. Kai ka nuna wa rabin mutanen gaɓar nan yadda ake tura sandar har ta zauna a gurbinta, a zura igiya ta hujin bakinta, a ja a hankali. Idan aka yi sake sandar ta sulale ta faɗa teku, idan aka matse da yawa ƙyallen ya ƙi juyawa sa'ad da ake karya kwana. Duk wanda ya tambaye ka iyakar ja, amsarka ɗaya ce: "Ka ja har yamutsewar ta baje. Idan ƙyallen ya daina kama da goshin Jusoh, ka ƙulle." Ni ne Jusoh ɗin, kuma a gabana kake faɗa.

Bara ɓarin jikinka na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, hannun ya ƙi. Duk damina kana kan kujera kana kallon teku kamar wanda aka yi wa ƙwace. Da iska ta lafa ka ce sai ka fita teku da kwale-kwale, ko sau ɗaya ne. Matarka, Mak Ngah Sepiah, wadda ita ke ɗinke maka ƙyalle tun aurenku, ta ce ba da ita ba. Da ka dame ta sai ta gindaya sharaɗi.

"Abang, maigidana, ranar da ka ɗaure haƙarƙarin nan tun daga na ƙasa har na sama, kai kaɗai, ni kuma na duba na ce ya yi, ka tafi. Wanda bai iya ƙulla igiya a tudu ba, me zai riƙe a ruwa?"

Kowa ya san ɗaurin nan aikin hannu biyu ne, ɗaya na danna sanda ɗaya na ja. Washegari sai ga ka shimfiɗa ƙyalle a kan yashi. Ka fara gwada ja da haƙori, ka manta na gaban na roba ne. Igiya ta fizge su suka faɗa yashi, muka duƙa muna lalube, kai kana dariya da dasashi. Na ce ka bari in ɗan riƙe maka idan Mak Ngah ta shiga gida. Ka harare ni ka ce, "Kai da ɗaurinka ko zanen wanka ba ya riƙewa? Je ka sayo mana nasi dagang, shinkafar nan da miyar kifi, nan ne gwanintarka."

Daga baya ka gano dabara. Ka zauna dirshan, ka danna bakin sanda da babban yatsan ƙafa, hagu na ja, ka naɗe igiyar a gwiwa kafin ka ƙulle. Yatsan ya yi kanta, tafin hannun ya tsage, ba ka fasa ba. Ɗaurin farko da ka gama, Mak Ngah ta zo ta ja sanda ɗaya da yatsu biyu, ta zare ta sumul, ta miƙa maka ta koma. A ɗauri na biyu ta tura cikin ƙyallen da tafi, na sama ya ƙi juyawa. Ta ce, "Wannan fushi ka ɗaure, ba haƙarƙari ba." Masu sayar da shayi suka rabu biyu, wasu na bayanka wasu na bayanta, ni kuwa ina tsakiya don a gidanku nake cin abincin rana.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ka sake kiranta. Ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya tana turawa, kowace ta juya ɗas, babu yamutsewa ko ɗaya. Muka ɗora ƙyallen a kan kwale-kwalenka. Sai ta tuɓe takalmanta ta miƙa mini, ta tattare zane ta hau. Matar da ko jirgin fiton kogi ba ta shiga sai dole. Muka tura ku, ƙyallen ya cika, daga nesa muna jin tana faɗa maka ka rage gudu. Ban taɓa ganin ka yi farin ciki irin na ranar ba.

Bayan jana'iza ta kira ni gefe ta ce, "Jusoh, na sa sharaɗin ne don kada ya fita. Da na san kwanansa ya ƙare, da tun ɗaurin farko na ce ya yi." Na ce mata da ba ka yarda ba, da kai da kanka za ka zare sandar ka sake. Ta yi dariya tana share hawaye, ta ce haka ne, taurin kanka ya kai.

Na yi rashin aboki, kuma rashin ya yi mini zafi. Allah Ya jiƙanka, Pak Ngah, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mak Ngah Sepiah da 'ya'yanku, Rosnani da Zulkarnain, da jama'ar Cherating baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sanyaya zuciyar matar da ta raka ka fitarka ta ƙarshe, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.