Ƙarar Injin Da Ta Raba Dattijo Da Rumfarsa

Lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ni matashin jami'i ne mai ji da kansa, ga digiri, ga tsohuwar mota da nake kallo kamar jirgi. Garin duk jan ƙasa ne da gine-ginen da ba a gama ba, bakanike na kirki kuwa sai an tona. Mu 'yan Arewa na ofishinmu wajen wani dattijo Bazazzagi da muke kira Baba muke kai gyara, a rumfar kwano bayan kasuwar Wuse. Da motocinmu yake ciyar da iyalinsa.

Wata rana motata ta soma wata ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, musamman in na taka totur. A Legas na tsinci kalmar nokin a bakin direbobi, don haka ina isa na shaida wa Baba cewa injin ya yi nokin, wato ya lalace daga ciki, a sauke shi. Ya roƙe ni in bari ya saurara tukuna, ya ce kunnensa na ba shi daga gaba ƙarar take, wajen famfon ruwa. Na katse shi a gaban mutane, na ce ban zo neman shawara ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to, ranka ya daɗe. Na ɗauka ya yarda ne, alhali kowa ya san irin wannan to ɗin ta dattijon da ba ya son ja-in-ja da oga.

Kwana huɗu ya yi a kan injin, ya canza ringi, ya mayar da komai. Ban kai unguwar Gudu ba ƙarar ta dawo. Maimakon in koma wurinsa, sai na zauna a ofis ina ba da labarin cewa tsufa ya cinye hannun Baba, ya lalata min mota. Na faɗa a wajen cin abinci, na faɗa bayan sallar azahar. Da yake na iya tsara magana, ɗaya bayan ɗaya abokan aiki suka janye motocinsu.

Wata biyu ina fama, har wani direban tasi a unguwar Dutse Alhaji ya ji ƙarar ya ce in buɗe bonet. Ya ɗora bakin dogon sukundireba a sassan injin, ya kara kunne a kan mariƙin, yana matsawa a hankali. Da ya zo kan famfon ruwa sai ya miƙo min in ji da kaina. Ƙarar ta cika min kunne, kunya ta rufe ni. Washegari aka canza famfon, motar ta yi shiru.

Na ɗauki mako guda ina jan ƙafa kafin na je ba Baba haƙuri. Na tarar da mai facin taya a rumfar. Ya ce a cikin makon nan dattijon ya kwashe kayansa ya koma gida, aiki ya ɗauke masa, kuma bai faɗi laifin kowa ba. Na yi cigiya har Zariya ban same shi ba.

Yanzu na yi ritaya, amma abin yana nan a raina. Na koyi cewa sunan mai sana'a shi ne abincin 'ya'yansa, kuma mai muƙami yana iya ɓata shi a hirar minti biyar. Ina roƙon masu karatu, in kun kai aiki ku bar gwani ya gama maganarsa, in kuma kun yi kuskure ku koma da wuri. Ni na makara da kwana bakwai, kuma har yau ban san ko ya yafe min ba.